Tunda muka sauya unguwa kuɗi ya daina kai ni ƙarshen wata

Assalamu alaikum. Ni malamar asibiti ce a Kano, ina da aure da yara uku. Albashina naira 130,000 ne, maigidana kuma yana ba ni 110,000 na cefane duk wata, shinkafa da masara shi yake sayowa a buhu. Lokacin da muke cikin gari kusa da gidan iyayena, kuɗin nan yana isata har in zuba adashi. Bara muka koma wani rukunin gidaje a bayan gari, tun daga nan kafin 20 ga wata hannuna ya bushe. Akwai babban kanti a bakin titinmu, sai in shiga sayen sabulu da madara in fito na kashe dubu ashirin da wani abu. Matan layinmu suna da zaure a WhatsApp, cikin wata biyu an fitar da anko uku, duka na yi. Dillaliyar da ke kawo mana kaya gida tana bina 36,000. Makon jiya na ci bashin 40,000 a wata manhajar waya, zan biya 48,000 cikin kwana talatin, kuma maigidana bai sani ba. Kullum ina yi wa kaina alkawari, kullum ina karyawa. Albarka ce ta fita daga kuɗina, ko ni ce na lalace?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba ki lalace ba. Kafin ki tafi neman inda albarka ta shige, sake karanta wasiƙar da kika aiko. Albashi bai ragu ba, kuɗin cefane bai ragu ba, yaran nan uku ne har yanzu. Abu ɗaya kika ambata da ya sauya, wato inda kike kwana kike tashi, da mutanen da idonki yake sauka a kansu kullum.

A cikin gari unguwar ce take taya ki riƙon kuɗi ba tare da kin sani ba. Mai kantin lungu yana tsaye bayan kantarsa, abin da kika ambata shi kaɗai zai miƙo miki, sau da yawa ma yaro kike aika da kuɗin abin daidai. Matan da kike haɗuwa da su a gidan suna samunsu bai wuce naki ba. Ga mahaifiyarki a kusa, wadda za ta kama bakin sabon mayafi ta ce nawa kika saya. Ranar da kuka kwashe kaya duk waɗannan suka tsaya a can, kika iso wurin da kusan komai na cikinsa yake ce miki ki ƙara. Shi ya sa alkawarinki yake karyewa. Kina ɗaukarsa da daddare a kan gado, ita kuwa jarrabawar da yamma take zuwa, kin taso daga aiki a gajiye, ga yunwa, kati yana jaka, kaya suna gabanki. Mutum kaɗan ne suke tsira a wannan halin, komai ƙarfin zuciyarsu. Don haka shawararmu duka a kan abu ɗaya ta tsaya: ki riƙa yanke hukuncin sayayya tun kina nesa da kayan, ki kuma rage yawan tsayuwarki a gabansu.

Amma a fara ba tsada haƙƙinta, don kada ki ɗora wa kanki laifin da ba naki ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashi ya yi ta hawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024, ta kayan abinci kuwa ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024 ɗin. Ki rubuta abubuwa goma da kike saya tun kuna cikin gari, irin su man gyaɗa, sukari, madara, sabulu, kayan miya, nama, gas ko gawayi, ki sa farashinsu na da da na yanzu, a daidai adadin da kike saya a da. Bambancin da ya fito shi ne rabon tsada. Abin da ya haura wannan, sabon wuri ne ya kawo shi.

Daga nan ki nemi bayanan asusunki na wata biyu, ko ki bi alat ɗin da ke wayarki ɗaya bayan ɗaya. Ki ja layi biyar a littafi: nawa, a ina, ƙarfe nawa, da wa kike tare, da me kika biya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a rubuta "abinci 40,000, sutura 30,000" a rufe littafin ba a koyi komai ba, don kowa ya san yana cin abinci yana sa tufa. Wuri da lokaci da abokin tafiya su ne za su nuna miki inda kuɗin yake zurarewa. Aikin awa biyu ne, kuma kada ki yi mamaki idan kika ga wurare uku ko huɗu ne suka cinye mafi yawa, yawanci a makon farko bayan shigowar albashi.

Babban kantin nan na bakin titi ba da ka aka jera shi ba. Tsarin shiga ka ɗauki kaya da hannunka a Amurka ya kafu, a kantin Piggly Wiggly da Clarence Saunders ya buɗe a birnin Memphis a 1916, kuma tun lokacin masu kantuna suke nazarin yadda ƙafar mai saye da idonsa suke tafiya. A 1937 wani mai kantuna a Oklahoma, Sylvan Goldman, ya lura mutane suna daina saye da zarar kwando ya yi wa hannu nauyi, sai ya fito da keken zuba kaya. Da farko aka ƙi taɓa keken, har sai da ya ɗauki hayar maza da mata suna tura shi cikin kantin kamar masu sayayya, sannan jama'a suka bi. Abubuwa biyun da suke damunki duk suna cikin wannan labarin: abin da ke cire miki jin nauyin saye, da ganin wasu suna yi. Hatta sautin da ke tashi a hankali a kanti yana da aikinsa. A 1982 Ronald Milliman ya buga sakamakon gwajin da ya yi a wani babban kanti a Amurka: ranakun da aka saka kiɗa mai tafiya a sannu, masu sayayya sun rage sauri, ciniki ya ƙaru da kusan kashi 38 cikin ɗari a kan ranakun kiɗa mai sauri.

In kin sake shiga, ki tsaya ki duba da kyau. Abin da kowa yake zuwa nema, kamar madara da burodi da garin sabulu, yawanci yana can ciki, sai kin ratsa layin biskit da turare da kwanuka kafin ki kai gare shi. Kayan da suka fi kawo riba suna daidai idonki, masu sauƙin kuɗi suna ƙasa inda sai an sunkuya. A wajen biyan kuɗi, inda dole ki tsaya a layi, alawa da cakulan suna daidai tsayin ɗanki mai shekara biyar. Za ki ga 4,999 maimakon 5,000, don ido lambar farko yake kamawa. Za ki ga an soke 12,000 an rubuta 8,500, sai zuciya ta shagala da 3,500 da "aka rage", ta manta 8,500 ɗin da za su fita a kan abin da ba ki zo saye ba. Wannan ba zamba ba ce, sana'arsu suke yi. Ke ma ki yi taki.

Ki shiga kantin sau biyu kawai a wata, da takarda a hannu. A gida za ki rubuta takardar, bayan kin leƙa sito da firji, kowane abu da ƙiyasin kuɗinsa a gefe, ki haɗa jimla. Ki ɗauki wannan jimlar a tsabar kuɗi, ki ɗora kashi goma cikin ɗari saboda sauyin farashi, ki bar katin banki a gida. In abubuwan ba su kai goma ba, kwando za ki ɗauka ba keke ba. Ki ci abinci kafin ki fita, ki bar yara a gida, ki ba kanki minti ashirin. A watan azumi kada ki yi cefane bayan la'asar, lokacin ne komai yake yi wa ido daɗi; da hantsi ya fi. Idan sabulu ya ƙare a tsakiyar mako, aika yaro ƙaramin shago ko da zai fi tsada da naira ɗari ko ɗari biyu. Mutane da yawa suna ƙin wannan don ganin an cuce su da ɗari biyu, su tafi inda za su bar dubu ashirin. In kuma a bakin kantin ɗan adaidaita yake sauke ki, ki sauya wurin sauka, ko da za ki ƙara taku kaɗan.

Garaɓasa kuwa da lissafi ake gane ta. A misali, garin sabulu mai giram 900 a kan 2,700 ya kama naira uku kowane giram, mai giram 400 a kan 1,100 kuwa naira biyu da kwabo saba'in da biyar, ƙaramin ya fi araha duk da babban ne aka yi wa ado da jan rubutu. Raba kuɗin da nauyin a wayarki, ki kuma duba ranar ƙarewar wa'adi, domin sau da yawa kayan da wa'adinsu ya matso ake karya wa farashi.

Kayan da ba sa lalacewa da wuri, ki saye su sau ɗaya a wata a inda 'yan sari suke. Kano ba ta rage ku da komai ba a nan: kayan masarufi a Singa, hatsi a Dawanau, kayan miya a 'Yankaba, atamfa da leshi a Kantin Kwari. Sai dai kasuwa ma tana da nata jan hankalin. Farashin farko da ɗan kasuwa ya faɗa shi yake zama ma'auni a kanki, in ya ce dubu talatin kika taya ashirin ya sallama, sai ki tafi kina murna alhali abin na sha biyar ne. Ki tambayi rumfa uku kafin ki taya, ki kuma duba gindin kwanon awo. Wake da gero a kaka ake sayensu, daga Oktoba zuwa Disamba, kafin su hau da damina. Tumatur da tattasai suna araha da sanyi lokacin da na rani ya shigo, nan ne ake yin kauɗa ko a tafasa a adana. Wake ki shanya shi ya bushe sosai, ki cika jarka mai tsabta har baki ki rufe gam, ko ki sa a buhun PICS mai leda biyu a ciki, rashin iska yana kashe ƙwarin ba sai an zuba magani ba.

Inda sayen sari yake ɓaci shi ne a ajiye kaya a fili. Katan ɗin taliyar yara ko gwangwanin madara babba, in kowa yana ganinsa, abin wata sai ya ƙare a kwana goma, hannu yana sakewa idan ido ya ga abu da yawa. Ki rufe sito, ki riƙa fitar da na mako ɗaya kawai zuwa kicin a ƙananan robobi. In ba haka ba arahar da kika samu a Singa za ta ƙare a tukunya.

Sai yadda kike biya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa da POS, kuma wannan sabon ya sauya yadda ake jin fitar kuɗi. Wadda ta ƙirga 'yan dubu-dubu guda ashirin da hannunta ta miƙa tana jin abin a ranta, wadda ta danna lamba huɗu kuwa sai alat ya shigo take sani. A 2001 Drazen Prelec da Duncan Simester na jami'ar MIT sun buga gwajin da aka sa ɗalibai tayin tikitin wasan ƙwallon kwando, waɗanda aka ce da katin bashi za su biya suka taya kusan ninki biyu na waɗanda aka ce da tsabar kuɗi. Naki katin ba na bashi ba ne, amma rashin ƙirga kuɗin da hannu ɗaya ne.

Ga yadda muke ganin za ki raba 110,000 na cefane. Ki ware 50,000 na sayayyar wata. Sauran 60,000 ki cire su lokaci ɗaya, don kada cajin mai POS ya yi ta cin ki, ki raba a ambulan biyar: huɗu na 13,000, ɗaya na 8,000. Masu rabawa huɗu suna manta wata ya fi kwana ashirin da takwas, kwana biyu ko ukun nan na ƙarshe su ne suke tura mutum cin bashi. Ki sa ambulan ɗin a inda ke kaɗai kika sani, ki tanadi ƙaramar jaka ta canji, don canji in ya watse a jaka da kan firji ba ya dawowa lissafi. Idan na mako ya ƙare ranar Alhamis, kada ki buɗe na gaba, ki dafa abin da ke sito ki rubuta abin da ya cinye shi. In hakan ta faru mako uku a jere kuma ba ki sayi abin banza ba, adadin ne ya yi kaɗan, maganar ta zama ta ki da maigida.

Wayarki ma wuri ce, kuma ita ce kasuwar da ba ta tashi. Ki ɓoye sitatus ɗin duk mai tallan kaya, WhatsApp yana ba da damar haka ba tare da mai shi ya sani ba. Ki fita daga zaurukan 'yan kasuwa. A TikTok da Instagram, duk lokacin da kika tsaya a kan bidiyon leshi ko kayan kicin, manhajar tana ƙaro miki irinsa, don haka ki riƙa wucewa da sauri ki daina bin shafukan. "Saura biyu" da "yau kaɗai" an rubuta su ne don kada ki kwana a kan shawarar. To ki kwana. Duk abin da ya haura 5,000 kuma ba ya cikin takardarki, ki rubuta shi da kwanan wata, ki jira kwana uku. Wanda har yanzu kike buƙata bayan kwana ukun, ki sa shi a lissafin wata mai zuwa. Manhajojin banki da yawa suna bari a rage iyakar abin da za a iya turawa a rana, ki mayar da taki 10,000.

Dillaliya neman halalinta take yi, kuma matan da ba sa fita suna amfana da ita ƙwarai. Amma cinikinta ya haɗa abubuwa uku masu wuyar kaucewa: a ɗakinki ake yi, a gaban wasu mata, kuma yau ba za ki ba da ko sisi ba. Ki yi lissafin da ba a yi a wurin. In turmin atamfa 18,000 ne a Kwari, ta ba ki a 24,000 biya uku, kin ƙara kashi ɗaya cikin uku a wata uku. Ki gaya mata da mutunci cewa ba za ki karɓi sabon kaya ba sai kin gama biyan na baya, ki buɗe shafi a littafinki ku riƙa rubuta duk abin da kika ba ta. Kada ki gwada kaya a jikinki, kada kuma ki yarda da "bar shi a wurinki ki gani zuwa gobe". Abin da ya kwana a ɗakin mutum zuciya ta riga ta ɗauke shi nata, mayar da shi sai ya zama kamar asara.

Yanzu mu zo kan wanda ya fi duka ƙarfi, matan layinku. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma masana tattalin arziki sun auna abin sun same shi haka. A ƙasar Holan akwai wata caca da ake ci ta lambar unguwa. Peter Kuhn da abokan aikinsa sun buga bincike a 2011 da ya nuna maƙwabtan waɗanda suka ci, su da ba su samu komai ba, sun fi sauran mutane sayen mota a watannin da suka biyo baya. A Kanada kuma Sumit Agarwal da abokan aikinsa sun gano cewa gwargwadon girman kuɗin da mutum ya ci a caca, gwargwadon yawan maƙwabtansa na kusa da bashi yake durƙusar da su daga baya. Samun waɗannan mutanen bai ƙaru ba, abin da suke gani ta taga ne ya sauya.

Ke ma abin da ya same ki ke nan. Abin da kike gani a jikin maƙwabciyarki shi ne leshi da jaka da sabon labule. Ba kya ganin ko mijinta ɗan kasuwa ne mai samun ninkin naku goma, ko ɗan'uwanta ne yake turo mata, ko ita ma manhajar bashi ce take bin ta. Muna da yaƙinin a cikin zauren nan akwai wasu da ankon nan uku ya takura kamar yadda ya takura ki, kowacce ta yi shiru tana zaton ita kaɗai ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi wanda yake sama da mu, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu. A aikace wannan yana nufin ki kula da waɗanda kike yawan zama da su. Ki riƙa zuwa cikin gari wurin 'yan'uwanki a kai a kai, ki riƙe ƙawayenki na wurin aiki masu albashi irin naki.

Anko kuma ki daina lissafa shi da kuɗin turmi. Turmin 15,000 yana jan ɗinki, da mayafin da zai shiga da shi, wani lokaci da takalmi da jaka, ga lalle, ga gudummawa, ga kuɗin mota. Kafin a watse ya kai 40,000 ko 45,000. Ki ware 15,000 duk wata a matsayin kuɗin zumunci, 180,000 ke nan a shekara, wato biki huɗu da anko cikakke, ko biyu da anko sauran a gudummawa da barka da gaisuwa. Ki yanke tun yanzu su wa za ki yi wa anko: 'yan'uwa na jini da aminiya ta ƙut da ƙut. Bikin ƙanwar mijin maƙwabciya ba ya ciki.

Yadda ake faɗa yana da muhimmanci. Ki yi magana da wuri, ranar da aka saka hoton atamfar, kafin a rubuta sunanki a yanko da ke. Ki tura wa mai bikin ita kaɗai, ba a cikin zaure ba: "Allah ya sanya alheri, Maman wane. Wannan karon ba zan yi anko ba, amma in sha Allah da ni za a yi komai." Kada ki ce ba ki da kuɗi yanzu, domin amsar a shirye take, "karɓi kawai, kya biya a hankali", kin koma inda kika fito. Ki je bikin da kayanki masu kyau, ki kai gudummawa daidai ƙarfinki, ki kama aiki. Karon farko za a ɗan yi magana, wannan gaskiya ce, kuma za ki ji ba daɗi. Zuwa karo na uku an san ki da haka. In kika samu mace ɗaya a layin da kuka fahimci juna kuka tsaya tare, abin zai zo da sauƙi sosai. Ba mu ce ki janye daga maƙwabta ba. Haƙƙin maƙwabtaka yana cikin dubiya da gaisuwa da ɗan abincin da aka miƙa ta katanga da riƙe yaran juna, kuma ba ɗaya a cikinsu da yake buƙatar bashi.

Bashin manhajar nan shi ne na gaggawa. Naira 8,000 a kan 40,000 cikin kwana talatin kashi 20 cikin ɗari ne a wata ɗaya, riba ce ƙarara, kuma in aka makara tara take hawa. Ranar da albashi ya shigo ki fara biyan 48,000 ɗin kafin komai, ki ajiye shaidar biya, ki goge manhajar. Za su turo miki saƙon cewa yanzu kin cancanci 80,000, kada ki buɗe. Kada kuma ki ci bashin wata manhajar don biyan wannan, ta nan mutane suke wayar gari manhaja biyar tana bin su. Sauran 82,000 na albashin: 25,000 kuɗin mota zuwa aiki, 12,000 ga dillaliya, 15,000 zumunci, 10,000 buƙatun kanki, 20,000 ajiya. Wata na biyu, 48,000 ɗin da ya kuɓuta ki cike wa dillaliya 24,000 da suka rage, sauran ki ƙara a ajiya. Ajiyar ta zauna a wani asusu dabam wanda ba shi da kati kuma ba ki sa manhajarsa a waya ba, ki tura ta ranar albashi ba ƙarshen wata ba. Adashi sai a wata na uku, da mutanen da kika sani, a zubin da ba zai sa ki nemi rance ba.

Maigida kuwa ki gaya masa, kuma kafin ranar biya. Wasu daga cikin manhajojin nan suna kwashe lambobin da ke wayar mai bashi su riƙa tura wa dangi da abokan aiki saƙon cin mutunci. Hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi a kan haka, amma gara ya ji daga bakinki da ya ji daga baƙuwar lamba. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, yara sun kwanta. Ki zo da littafin, ki fara da adadin bashin da ranar da za ki biya, sannan ki nuna masa tsarin. Namiji ya fi saurin sauka idan ya ga an zo masa da matsala tare da mafitarta. A zaman nan ne kuma za ki nuna masa lissafin tsadar kayan goman nan, in ya nuna 110,000 ba ta sayen abin da take saya a da, ku duba abin da zai iya ƙarawa ko abin da za a rage.

Akwai abu ɗaya da ba ki faɗa ba amma ya kamata ki tambayi kanki. Barin unguwar iyaye yana zuwa da kewa, kuma wasu matan kanti da waya ne suke zame musu wurin rage kaɗaici. In kin lura kin fi saye ranar da ranki yake ɓace, ko kina ɓoye kayan da kika saya, ko akwai abubuwa a ɗakinki da ko ledarsu ba ki cire ba, ki sanya wani abu a gurbin wannan lokacin: islamiyyar yamma, kiran mahaifiyarki a hanyar dawowa daga aiki, ziyarar gida duk Asabar. Idan kin bi tsarin nan wata uku kuma har yanzu hannunki yana kufce miki, ga rashin barci ko yawan damuwa, ki ga likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara kan damuwa, ki tafi masa da littafin.